Sharhi a kan Etymonline: asalin kalmomin Turanci masu kama da juna

Kuskuren da ya fi wahalar kamawa a rubutun Turanci shi ne na kalmar da aka rubuta daidai amma aka ajiye ta a gurbin wata mai kama da ita, domin kwamfuta ba ta ja mata jan layi, ido kuma yakan wuce ta ba tare da ya tsaya ba. Aikina shi ne gyaran kundin kammala karatu na ɗalibai da wasiƙun neman aiki, kuma irin wannan kuskure ne ya kai ni ga Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline, ƙamus ne na asalin kalmomin Turanci da ake samu kyauta a intanet, akwai kuma manhajarsa ta waya. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Harper, ɗan jarida kuma marubucin tarihi daga jihar Pennsylvania, shi ya fara haɗa shi a shekarar 2001. Na daɗe ina amfani da shi, kuma ra'ayina shi ne yana warkar da ruɗanin wasu kalmomi har abada saboda yana ba mutum dalili maimakon hadda, amma akwai rukunin kalmomin da tarihi ba ya yi musu magani, kuma ya kamata mai karatu ya san wannan tun kafin ya dogara da shi.

Tsarinsa ba shi da wuya. Ana rubuta kalma a gurbin bincike, sai bayani ya fito yana farawa da lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce da ma'anar da take ɗauke da ita a wancan zamani, daga nan ya bi ta baya zuwa Faransanci ko Latin ko tsohon Turanci, yana kuma nuna kalmomin da suka haɗa tsatso da ita ta yadda mutum zai iya latsawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne a kan stationary da stationery, waɗanda har a allunan shagunan sayar da littattafai da ke bakin makarantu ake ganin an musanya su. Ta farko sifa ce mai nufin abin da yake tsaye ba ya motsi, ta biyu kuwa suna ne na kayan rubutu irin su takarda da biro da ambulan. A da nakan ce wa ɗalibai su haddace kawai, amma bayanin da na karanta ya nuna cewa duka biyun daga kalmar Latin guda suka fito, wadda ke nufin matsaya. A Turai ta tsakiyar zamani, musamman a kewayen jami'o'i, ana kiran mai sayar da littattafai da yake da rumfa tsayayya da suna stationer, don a bambanta shi da ɗan koli mai yawo da kayansa gari-gari. Kayan da wannan mai rumfa yake sayarwa su ne aka kira stationery, kuma harafin e da ke cikinta gadonta ne daga stationer. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta birnin Landan, wadda aka kafa a 1403 ta kuma sami takardar amincewar sarauta a 1557, har yau tana nan da wannan suna. Ɗalibin da ya ji wannan labari sau ɗaya da wuya ya sake rikita kalmomin biyu, domin yanzu yana da mutum da rumfarsa a zuciya, ba harafi kaɗai ba.

Haka labarin flour da flower yake, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye tun da Hausa ta ari duka biyun da lafazi ɗaya, muna cewa fulawa ga garin alkama muna kuma cewa fulawa ga furen ado. A asali kalma ɗaya ce da ta shigo Turanci daga Faransanci da ma'anar fure, sai aka riƙa kiran mafi laushi da kyau daga cikin niƙaƙƙiyar alkama da sunan furen gari. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma da rubutu ɗaya ya kawo ma'anonin biyu, kuma sai a ƙarni na 19 ne rabuwar ta zauna daram. Wato Bahaushen da ya haɗa su a baki bai yi nisa da tarihi ba, ko da yake a takardar jarrabawa dole ya raba su.

Akwai kuma corps da corpse, waɗanda duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya kamata ya kiyaye, domin ta farko tana cikin sunan hukumar hidimar ƙasa ta Najeriya, National Youth Service Corps (NYSC), da aka kafa a 1973, ta biyu kuwa gawa take nufi. Duka daga kalmar Latin mai nufin jiki suke, sai dai corps ta shigo daga baya ta hanyar Faransancin soja da ma'anar runduna, ta kuma riƙe furucin Faransawa, inda ba a furta p da s na ƙarshe. Na sha ganin wasiƙar neman aiki da mai ita ya ƙara e guda ɗaya ya mayar da kansa mamban gawa, kuma babu manhajar duba rubutu da ta tsayar da shi.

Ba kullum ne kamanni ke nuna dangantaka ba, kuma a nan ne ƙamus ɗin ya fi burge ni. Desert mai nufin hamada ta fito daga aikatau na Latin mai nufin yasar da abu, wato wurin da aka ƙaurace wa, alhali dessert, abin zaƙin da ake ci bayan abinci, daga aikatau na Faransanci take mai nufin kwashe kwanuka daga kan teburi. Sannan akwai desert ta uku da ke cikin furucin just deserts, wadda dangin deserve ce, ma'ana sakamakon da mutum ya cancanta. Ana furta ta kamar ta abin zaƙi amma da s guda ake rubuta ta, shi ya sa har Turawan kansu suke faɗawa ramin. Mafi ban mamaki shi ne island da isle, waɗanda duka tsibiri suke nufi amma ba su haɗa kaka ba: ta farko ta tsohon Turanci ce, ta biyu ta Latin ce ta hanyar Faransanci, kuma s ɗin da ba a furtawa a island an cusa shi ne daga baya saboda an zaci 'yan gida ɗaya ne. Idan aka tuna cewa bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu a Ingila na tsawon ƙarnuka, sannan injin ɗab'in da William Caxton ya kafa a 1476 ya fara daskarar da rubutu a daidai lokacin da furucin wasulan Turanci yake ta sauyawa, sai a gane cewa hargitsin yana da dalili.

Iyakar amfaninsa ta fara bayyana gare ni a kan affect da effect. Ƙamus ɗin zai gaya maka cewa duka daga aikatau na Latin mai nufin yi suke, ɗaya da ɗafi mai nufin zuwa ga, ɗaya da ɗafi mai nufin daga, amma wannan bai isa ya nuna wa ɗalibi cewa a yawancin jimloli affect aikatau ce, effect kuma suna ce, ko cewa effect takan zama aikatau idan ana nufin tabbatar da abu kamar sauyi. Haka principal da principle: sanin cewa tushensu ɗaya ne, mai nufin na farko, yana da daɗi amma yana iya ƙara wa mutum ruɗani, domin abin da yake buƙata shi ne ya san cewa shugaban makaranta da uwar kuɗin bashi principal ne, ƙa'ida ko aƙida kuwa principle ce. Don adalci, mai ƙamus ɗin da kansa ya faɗa a gabatarwarsa cewa bayanin asali daban yake da bayanin ma'ana, kuma kalmar Turanci nice, wadda a yau take nufin mai kyau, ta isa misali, tun da a da can wawa take nufi.

Salon rubutunsa ma yana buƙatar sabo. Bayanan a dunƙule suke, cike da taƙaitattun alamomi irin su 14c. a madadin ƙarni na 14, da PIE a madadin tsohon harshen da masana suka sake ginawa a matsayin kakan harsunan Indiya da Turai, kalmominsa kuma ana sa musu tauraro a gaba don nuna cewa hasashen masana ne, ba a same su a rubuce ba. Malami ko ɗalibin jami'a zai saba cikin ɗan lokaci, amma ɗan sakandare mai shirin WAEC ko JAMB ya fi kyau a karanta masa a warware masa.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai amfani da shi daga Najeriya ko Ghana ya lura da shi shi ne cewa da Turancin Amurka aka rubuta shi, mu kuwa makarantunmu tsarin Birtaniya suke bi. A tsarin Birtaniya practice da licence sunaye ne, practise da license kuma aikatau ne, daidai da yadda advice da advise suka rabu, amma Amurkawa suna rubuta practice da c ga duka biyun, license kuma da s ga duka biyun. Saboda haka idan ɗalibi ya kawo mini tambaya a kan lasisin tuƙi ko aikin lauya, ƙamus ɗin masu koyon Turanci irin na Oxford ko Cambridge nake buɗewa tukuna, domin a can ne zai ga jimlolin misali, ya ji furuci, ya kuma ga alamar da ke raba rubutun Birtaniya da na Amurka. Sai idan ya tambaye ni dalilin da ya sa abin yake haka ne nake komawa Etymonline.