Krita, manhajar da masu zane suka yi wa gayya

Sana'ata zanen bangon littattafai ne da hotunan littattafan 'yan firamare, kuma duk yaron da ya zo ya ce yana son koyon zane a kwamfuta, Krita nake saka masa. Ba don kyauta ce kawai ba. Kyautar intanet ai mun san halinta: wata manhajar ka sauke ta cika maka ido da talla, wata kuma ta bari sai ka gama wahala sannan ta manna tambarinta a tsakiyar aikinka, ta ce sai ka biya za ta cire. Krita babu ko ɗaya daga ciki. Ba rajista, ba lambar sirri, ba a neman katin banki, kuma da zarar ta sauka ba ta ƙara tambayarka data.

Dalilin haka yana ga masu ita. Ta taso ne a cikin KDE, wata ƙungiyar masu rubuta manhaja kyauta, kuma ta fara fitowa ga jama'a a 2005. Da farko ta so ta zama mai yin komai, gyaran hoto da sauransu, amma daga baya masu haɗa ta suka yanke shawarar su tsaya a kan abu guda, wato zane da fenti. A 2013 aka kafa mata gidauniya a ƙasar Holan. Shekarar ce kuma kamfanin Adobe ya daina sayar da sabon Photoshop a saya sau ɗaya, ya koma kuɗin haya na wata-wata. Ga wanda ke karɓar ladan aikinsa da naira, haya da dala ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa yawancin shagunan zane da na sani kwafin bayan fage suke amfani da shi, da duk ƙwayoyin cutar da ke biyo shi.

Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne yadda aka riƙa tara mata kuɗi. A 2014 da 2015 da 2016 an yi gangamin neman gudummawa a Kickstarter, wani shafin intanet na tara wa ayyuka kuɗi daga jama'a, masu zane daga ƙasashe daban-daban suka zuba abin da ya sawwaƙa, har aka ba su dama su kaɗa ƙuri'a a kan abubuwan da suke so a ƙara. Da irin wannan kuɗi aka gina sashen zane mai motsi, wanda ya fito a Krita 3.0 a 2016. Gayya ce sak, sai dai gonar ta kowa ce, har da wanda bai zo noman ba. Lasisinta, GPL, ya halatta maka ka kwafa, ka raba, ka gyara in kana da ilimin. Idan na tura wa almajiraina ita a filasha, ba sata na yi ba, abin da masu ita suke so ke nan. Kuma zanen da ka yi da ita naka ne, ka sayar yadda ka ga dama.

To, aikin fa? A nan ne ta fi ƙarfi. Buroshinta sun haura ɗari tun daga saukewa, akwai mai kama da fensir, da gawayi, da tawada, da fentin ruwa mai malala. Wasu daga ciki aikin David Revoy ne, wani mai zane Bafaranshe da ya daɗe yana sakin buroshinsa da zane-zanensa ga duk mai so a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a izinin amfani da aikin mutum kyauta. In kana da allon zane mai alƙalami, ko da mai araha ne, za ka ji yadda layi ke kauri in ka danna, ya sirance in ka sassauta. Akwai kuma abin daidaita hannu ga mai rawar hannu irina idan azahar ta yi ban ci komai ba: kana jan layi yana biyo ka a hankali, yana share karkacewar.

Abu biyu ne nake ganin kamar don mu aka yi su. Na farko buroshin madubi. Ka kafa tsakiya, ka ce layi huɗu ko takwas kake so, duk abin da ka zana a kusurwa ɗaya sai ya bayyana a sauran a lokaci guda. Na gwada shi da dagin Arewa, wanda duk mai zane ya san yadda yake cin rai kafin madaukansa su yi daidai, sai ga shi ya tashi cas. Haka zanen saman hula, haka adon bango irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Na biyu shi ne yanayin da ke maimaita zanenka ta kowane gefe, kamar an shimfiɗa atamfa a tsakar gida. Ka ja ganye ya fita ta dama, sai ka ga ya shigo ta hagu, babu tabon haɗi. Wata ɗalibata mai son zanen yadi ta kwana biyu ba ta taɓa komai ba sai wannan, tana ta fitar da furanni masu ruwan kunkumadi da shuɗi. Da takarda da kabon za ta yi, da sati bai ishe ta ba.

Tana kuma ajiye aiki da kanta lokaci-lokaci. Wanda batirin kwamfutarsa ya mutu, kuma ake ɗauke masa wuta ba sallama, ya san darajar wannan.

Sai inda ba ta kai ba. Rubutu ba fagenta ba ne. Za ka iya saka sunan littafi da na marubuci, amma tsara shafi mai rubutu da yawa, ko bayan bango mai taƙaitaccen labari, ya fi sauƙi a Inkscape ko Scribus, waɗanda su ma kyauta ne. Sannan ka duba salon harafin da ka zaɓa tun da wuri, domin da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga wani baƙon harafi ya faɗo tsakiyar kalma. Wannan ba laifin Krita ba ne, amma a kanka zai ƙare idan an buga kwafi dubu. Tana buɗe fayil ɗin Photoshop, tana kuma ajiyewa a cikinsa, sai dai ba kowane ado ne ke tsallakawa lafiya ba, don haka ni hoton da na riga na haɗe komai nasa wuri guda nake kai wa maɗaba'a. Tana da tsarin launin CMYK na masu buga littafi, amma ka nemi a buga maka gwaji ɗaya kafin a saki inji. Mai gyaran hotunan biki kuwa, wanda aikinsa goge ƙuraje da sauya bayan amarya, ba shi aka yi wa ita ba. Kuma babban zane mai leya da yawa, wato falle-fallen zane da ake ɗorawa kan juna, yana son kwamfuta mai ƙwari. Ƙaramar tsohuwa za ta riƙa numfashi sama-sama.

Akwai ta a Windows da Mac da Linux, akwai kuma ta Android, wadda ta fi dacewa da babban allo, ba ƙaramar waya ba. Kada ka ruɗe in ka gan ta da farashi a shagon manhaja na Steam ko na Microsoft. Manhajar ɗaya ce, kuɗin kuma hanya ce ta biyan masu aikinta albashi. Mai hali ya saya a can ko ya aika wa gidauniyar gudummawa, marar hali ya je krita.org ya sauke abarsa, ya kuma guji shafukan da ke cewa sai ka cike wani fom tukuna.