Ranar da na kai aksolotul ɗina asibitin dabbobi

Shekara biyu ke nan ina kiwon aksolotul mace guda ɗaya, wannan halittar ruwa mai kama da ƙadangare da asalinta ƙasar Meziko ne. Ko a mafarki ba ta taɓa ganin namiji ba. Kwatsam sai cikinta ya yi tulu, ya fi kanta faɗi, ta kuma rage cin tana. Hankalina ya tashi, don kumburi irin wannan kan iya zama tsakuwa ta haɗiye, ko ruwa ya taru mata a ciki. Na ɗauke ta sai asibitin da ke duba irin su kwaɗi da macizai.

Likitar ta burge ni. Kafin ta taɓa ta sai da ta tambayi sanyin ruwan tanki, da yawan amoniya (gubar da kashinta ke haifarwa a ruwa), da abin da na shimfiɗa a ƙasa. Ta yi mata sikanin, wato hoton ciki, alhali tana cikin robar da na kawo ta a ciki, ba ta tsamo ta daga ruwa ba. Ashe ƙwai ne fal.

Ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Mace takan balaga daga wata 12 zuwa 18, kuma jikinta na haɗa ƙwai ko da namiji ko babu. Yawanci jikin ne ke sake tsotse su a hankali. Wani lokaci takan zubar da su, musamman idan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya, amma ba za su ƙyanƙyashe ba, tunda sai ta ɗauki ƙunshin maniyyin da namiji ke ajiyewa a ƙasan ruwa. Na tambaya ko in samo mata miji, ta yi dariya ta ce kul, yawan haihuwa ne ma ke rame su. Ba allura, ba magani. Ta ce in riƙe ruwan tsakanin digiri 16 da 18, in dawo idan ta daina ci gaba ɗaya ko ta fara yawo a saman ruwa.

Abin da ya ɓata min rai shi ne jira. Kusan awa ɗaya muna zaune a ɗaki mai ɗumi, ruwan robar ya haura digiri 21, babu wanda ya kula. Mai zuwa ya tafi da gorar ƙanƙara.

Bayan mako uku na tashi na tarar da ƙwai kamar talatin manne a ganyayen tanki. Na kwashe su tun ba su ruɓe sun ɓata ruwan ba, da yamma kuma ta cinye tana biyu.