Gargaɗi: mai sayar da 'ya'yan kifin bakan gizo ya damfare ni, ku yi hattara

Jama'a wallahi raina a ɓace yake nake rubuta wannan, tun jiya nake gogewa ina sake rubutawa. Akwai wani mutum da yake tallan 'ya'yan kifin bakan gizo a intanet, renbo ɗin nan na tankin gilashi, yana cewa shi yake ƙyanƙyasa da kansa kuma yana ware maza da mata kafin ya aiko. Ƙarya yake yi. Kifi 12 na biya, maza 4 mata 8, irin Boesemani, kuma na biya ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin wai kuɗin tantance jinsi. Kashi ɗaya cikin uku fa. Ga kuɗin aike har sau biyu. Yau a tankina babu namiji ko ɗaya, kuma ko Boesemani ɗin ma ba su ba ne.

Kafin wani ya zo ya ce min ai kai ka yi sakaci, ku tsaya ku ji. Ni ba jiya na fara kiwon kifin ado ba, kuma sai da na gwada shi. Na tambaye shi asalin kifin ya ce tafkunan Ayamaru a yammacin tsibirin Niyu Gini ɓangaren Indonesiya, daidai ne. Na tambaye shi kwana nawa ƙwai yake yi kafin ya fashe ya ce mako ɗaya zuwa kwana goma sha, ya danganta da ɗumin ruwa, daidai ne. Har ya yi min bayanin yadda uwar take maƙala ƙwai da siririn zare a jikin ciyawa ko zaren ulu da ake rataya musu, da yadda namiji yake haska wani layi a ƙeyarsa da sassafe idan yana neman mace. Wanda bai taɓa zama gaban tanki da safe ba ina zai san wannan? To wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne yake magana?

Abin da yake ta dawo min a kai shi ne wani saƙon murya da ya turo min. Na ce masa, malam, ni a sanina ɗan renbo mai santimita 2 ko 3 ba a gane namiji ne ko mace, duk fari-fari suke kamar azurfa, launi sai a hankali, wani sai ya kusa shekara kafin ya cika. Na faɗa masa haka da bakina. Sai ya yi dariya a hankali ya ce "babban yaya ai ka san harkar, shi ya sa ba zan yi maka wasa ba, nawa sun wuce nan, sun kai santimita 5, fiffike ya riga ya nuna". Babban yaya. Ka san harkar. Na saurari saƙon nan na sake saurara, muryarsa a natse babu rawa ko kaɗan. Kuma a santimita 5 maganarsa tana iya zama gaskiya, don a nan namiji yake fara faɗin jiki daga baya zuwa ciki, fiffikensa na baya na farko ya yi tsawo har idan ya kwanta ya taɓa na biyun, na mace kuwa gajere ne bai kaiwa, jikinta siriri. Da wannan na yi hukunci, hukuncin kuma ba laifi a cikinsa, mutumin ne maƙaryaci. Ana gama wannan saƙon na tura kuɗin gaba ɗaya, na kifi 12 da ƙarin kashi ɗaya cikin ukun da kuɗin aike.

Bidiyon da ya turo, a'a bari, bidiyon ya zo tun kafin saƙon muryar, shi ne ma ya fara ja na. Manyan maza, rabin gaba shuɗi mai duhu rabin baya ruwan lemo kamar an raba da layi, ya ce su ne iyayen. Daga baya na ga bidiyon nan sak a shafin wani mai kiwo a wata ƙasa daban, an ɗora shi tun shekaru. Yanke sunan kawai ya yi. Ina da duka biyun zan saka su gefe da gefe ku gani.

Da kaya suka iso leda ɗaya ce, ruwa ɗan kaɗan, iska ta kusa ƙarewa, 3 sun riga sun mutu. Sauran 9 kuwa ko santimita 2 wasu ba su kai ba. Ina 5 ɗin da aka ce? Na kira shi nan take ya ce yaron shagonsa ne ya ɗebo daga tankin da ba shi ba, in yi haƙuri zai aiko maza 4 manya a madadin, in tura kuɗin aike kawai. Shi ne aike na biyu. Na tura saboda kifi 9 suna hannuna kuma mutumin yana ɗaga waya, wanda ya gudu ai ba ya ɗaga waya. Maza 4 ɗin nan har yau suna hanya.

Kuma wani abu, 4 daga cikin ƙananan sun zo da launi mai ƙarfi wanda bai dace da girmansu ba, har na ce to ko su ne mazan. Cikin 'yan makonni launin ya zube tas suka koma kamar sauran. Ni zargina sinadarin homon aka ba su, abu ne da aka sani a harkar kifin ado, ana sa wa ƙanana don su yi kala a sayar da wuri, har mace ta fito kamar namiji. Ɗan kifi mai santimita 2 ba shi da dalilin yin kala irin ta babba.

Wahalar da na sha a kansu ita ce take ƙara min zafi. 'Ya'yan renbo a saman ruwa suke zama, bakinsu ƙarami, abincin da ya nutse ƙasa ba ruwansu da shi, sai na riƙa murje abinci ya zama gari ina yayyafawa kaɗan-kaɗan sau uku sau huɗu a rana, ina ƙyanƙyasar Artemia, ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su, saboda su. Na cire babbar matatar ruwa na sa ta soso don kar ta zuƙe su, ɗumin ruwa na riƙe shi wajen 26, canjin ruwa kaɗan amma a kai a kai don ba sa son a girgiza musu ruwa lokaci guda, na rufe tanki don suna tsalle. Ga su da jinkirin girma, wata da watanni kana kallo kamar ba sa motsi. Duk da haka 2 suka ƙara mutuwa, saura 7. Ina yi ina cewa ba komai, cikin 7 dole a samu namiji ko biyu.

Yanzu sun girma, sun wuce santimita 6, babu sauran shakka. Fiffike gajere, jiki siriri, ciki ya cika, babu mai haska ƙeya da safe, babu mai buɗe fiffike yana zagaya wani. Mata ne su 7. Kuma zanen jikinsu bai yi kama da na matan Boesemani ba, biyu ma fiffikensu yana ɗaukar ja-ja, alamar gauraye ne, don renbo idan aka tara iri daban-daban a tanki ɗaya suna barbarar juna. Kifin da a tafkinsa na asali yana cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa, mutane suna ƙoƙarin riƙe irinsa tsantsa, shi kuma yana cusa wa jama'a gauraye da sunansa.

Da na tura masa hotunan, a'a tun kafin hotunan ma ya fara jan ƙafa, amsa sai bayan kwana da kwanaki, wai mahaifiyarsa ba lafiya, wai waya ta faɗa ruwa. Da hotunan suka je sai ya ce ruwana ne bai da kyau shi ya hana su kala. Ruwa ne yake mayar da namiji mace? Na ce ya dawo min da ƙarin kashi ɗaya cikin ukun kawai da aike na biyu, na bar masa sauran. Ya karanta, ya yi bulokin ɗina. Washegari na gan shi da sabon suna, bidiyo ɗaya, magana ɗaya, maza 4 mata 8.

Sikirinshot na hirar da rasit na tiransifa biyu da saƙon muryar duk suna nan, ina rufe lambobin asusu ne zan ɗora. Duk wanda ya ce zai ware muku jinsin renbo ƙasa da santimita 4 ko 5 kar ku biya ƙari, ku ce ya yi bidiyo kai tsaye da ruler a jikin gilashi, idan ya ƙi ku rabu da shi. Wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya yi min magana, ina tattara shaida ne zan kai ƙara.