Tamostat ɗin Corolla ya zauna, amma yaron gareji ya ɓata min rai

Duk mai tsohuwar mota a Zariya ya san yadda ake yi da tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya ɗauki zafi. Allurar zafi na ɗan hawa, bakanike zai cire shi ya jefar, ya ce ai don ƙasashen sanyi aka yi shi, rewaya kuma ya haɗa fanka dairek. A haka na sayi Corolla ta 2005, wanda ya sayar min bai ce uffan ba. Sai da hunturu ya kankama abin ya fito fili: in na taso daga Samaru da sassafe, har in wuce Kwangila in kai PZ allura tana kwance a ƙasa, mota na shan mai kamar an huda tanki, ga fitilar inji ta ƙi mutuwa.

Wani gareji aka nuna min a Sabon Gari, kuma gaskiya ogan wurin ya burge ni. Ya jona kwamfuta, ta nuna P0128, ya ce, "Alhaji, injinka ne ba ya ɗaukar zafi. Muddin yana sanyi, kwamfutar motar za ta riƙa ƙara masa mai." Yaronsa har ya kama tiyon lagireto na sama zai kwance, don a yawancin tsofaffin motoci nan yake zama, sai oga ya daka masa tsawa. A wannan injin na 1ZZ sai an bi tiyon ƙasa har inda ya shiga inji, can ƙarƙashin altaneta, noti biyu ne na sifana 10. Da aka buɗe, wayam! Babu komai sai tsatsa da busasshen gam.

Abin da ya fi yi min daɗi, da aka kawo sabon bai ɗaura shi haka kawai ba. Ya karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayin bakin gareji, ya zura tamostat ɗin da waya, muna kallo bakinsa ya buɗe a hankali, da aka fitar ya huce ya rufe. Ya nuna min 82 da aka buga a jikinsa, wato zafin da yake fara buɗewa ke nan. Ya sa sabuwar roba, ya juya ɗan ƙaramin fil ɗin nan na jikin tamostat mai fitar da iska ya kalli sama, ya kira rewaya ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta. A raina na ce na samu bakanike.

To, daga nan labari ya sha bamban. Aka kira shi duba wata mota a Tudun Wada, ya bar wa yaro zuba ruwa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji, galan guda na saya da kuɗina, mai kyau. Yaron nan ya zubar da kusan rabi a ƙasa, ya cike da ruwan rijiya, ya rufe murfi ya ce, "Alhaji an gama." Na ce ba za a bar ta ta yi aiki iska ta fita ba? Ya ce ai haka suke yi kullum.

Na kama hanyar Kaduna da iyali, muna gab da Jaji allura ta wuce tsakiya tana neman ja. Na gangara gefe na kashe. Ga yara a baya, ga rana, ga manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, kuma ba damar taɓa murfin lagireto sai ya huce, in ba so kake ya ƙona maka fuska ba. Da na leƙa ƙasa, ruwa ne ke ɗiga ta bakin tiyon da aka kwance, kilif ɗin bai zauna a wurinsa ba. Ruwan leda na saya na cika, na lallaɓo na juyo gida, bikin da za mu je ya wuce mu. Saura ƙiris gasket ya ƙone, wanda kowa ya san kuɗinsa ya ninka na tamostat sau nawa.

Oga ya ba da haƙuri, ya gyara kilif da hannunsa, ya bar murfi a buɗe inji na aiki har kumfa ta daina fitowa fanka ta tashi da kanta. Amma wai ni zan sake sayen kulan! Nan muka yi ta sa-in-sa, daga ƙarshe dai ni na biya.

Yanzu kafin in kai Kwangila allura ta zauna a tsakiya, fitila ta mutu, mai ya ragu sosai. Mutumin ya san aiki, ban hana kowa zuwa ba. Amma in kun je kuka ga yana shirin fita ya bar ku da yaron nan, ku ce ku ma za ku dawo gobe.