Gargaɗi ga masu ciwon baya: ya karɓe mana sefa 2,300,000 da sunan kayan tiyata

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma ina roƙon duk wanda yake da mara lafiya mai fama da ciwon baya, a Yamai ko a Tahoua, ya daure ya karanta. Akwai wani mutum da ke yawo a bakin wuraren ɗaukar hoton IRM, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki, a nan Yamai, yana cewa shi wakilin wani kamfanin kayan tiyata ne na ƙasar Jamus, kuma yana shirya wa mutane tiyatar baya ta ƙaramar kafa, wadda ake yi da siririn bututu mai kyamara ba tare da an tsaga bayan mutum sosai ba. Wannan mutumin ya karɓi sefa 2,300,000 daga hannunmu, miliyan biyu da jika ɗari uku, kuma har yau ba mu ga ko allura ɗaya ba, balle likita, balle ɗakin tiyata.

Mara lafiyar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shafe shekaru yana harkar albasa tsakanin Galmi da Tahoua, yana ɗaga buhuna da kansa idan leburori suka yi ƙaranci. Ciwon ya fara masa a kwankwaso, daga baya ya gangaro ta ɗuwawu da bayan cinyar hagu har tafin ƙafa, ya kai matsayin da ko tari ya yi sai ya riƙe bango, ruku'u ya gagare shi, ya koma yin salla a zaune. Da magani ya ƙi ci, aka ce a kawo shi Yamai a yi masa hoto, muka shimfiɗa masa katifa a bayan mota, muka biyo ta Konni da Dogonduci da Doso, tafiyar sama da kilomita 500, yana nishi a duk ramin da mota ta faɗa. Hoton ya nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin kwankwaso na biyar da ƙashin da ke ƙasansa, wurin da likitoci ke rubutawa L5-S1, ya tsage, abin da ke cikinsa ya fito ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa.

A ƙofar wurin hoton muka haɗu da mutumin nan, kuma wannan lokacin ne nake ta maimaitawa a raina dare da rana. Yana sanye da farar riga mai tsabta da kati a rataye a wuya, ya tsugunna gaban yayana ya gaishe shi da Hausar Adar irin tamu, ya ce, "Sannu Yaya, Allah ya ba da lafiya, ko zan iya ganin hoton?" Ya zaro fim ɗin daga ambulan, ya ɗaga shi sama ta wajen hasken rana, ya sa bakin biro ya ƙirga ƙasusuwan kwankwaso ɗaya bayan ɗaya har biyar, ya tsaya a daidai wurin da faifan ya yi baƙi ya kumburo baya. Sannan, ba tare da kowa ya faɗa masa komai ba, ya ce, "Yaya, ɗan ƙaramin yatsanka na hagu da gefen ƙafar ba su mutu ba? Kuma idan aka ce ka tsaya a kan yatsunka, ai ba za ka iya ba." Yayana ya waigo ya dube ni, domin abin da yake ta ƙorafi a kai ke nan tun muna Tahoua. Ina so wanda zai zarge mu ya faɗa mini, tsakaninsa da Allah, ko shi ba zai saurari mutumin da ya ɗaga hoto ya faɗi yatsan da ya mutu ba.

Ni ma'aikacin lissafin kuɗi ne, aikina ke nan in bi takarda layi bayan layi, kuma ban miƙa ko dala ba sai da na bincika. Ya ce tun shekarar 1977 likitoci suka fara cire ɓangaren faifan da ya fito ta ƙaramar tsaga da taimakon madubin ƙara girma, na duba na ga haka ne. Ya ce a 1997 wasu likitoci a Amurka suka fito da hanyar zura bututu tsakanin tsokar baya, ana buɗa ta a hankali maimakon a yanke ta, na duba na ga haka ne. Ya ce a yau akwai bututu mai kyamara da fitila wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, likita yana kallon jijiya a allo yana tsinke abin da ya danne ta da siririn hantsaki, mara lafiya kuma yakan taka ƙafarsa a ranar ko washegari, wannan ma na ga gaskiya ne. Duk abin da za a iya bincikawa a intanet, gaskiya ya faɗa mana, kuma a tsakiyar wannan gaskiyar ya cusa ƙaryar da ta cinye mana dukiya, cewa kowane mara lafiya shi ke sayen nasa bututun da kyamarar da hantsakin, domin ba a amfani da su ga mutum biyu.

Takardar farashin da ya turo mini ta WhatsApp tana da hatimi da tambarin kamfani, an rubuta yuro 2,135. Na lissafa da kaina a kan sefa 655.957 kowane yuro, ya ba ni 1,400,468, shi kuma ya ce mu kawo 1,400,000 daidai, ya yafe mana sauran saboda Allah. Har godiya na yi masa a kan sefa 468, mutumin da yake shirin kwashe mana 2,300,000. Kafin wannan ma, ban faɗa ba, ya riga ya karɓi 150,000 tun a makon farko, wai kuɗin buɗe fayil da aika hoton ga likitan da zai zo daga waje ya yi aikin a wata kilinik a nan Yamai. Waccan 150,000 hannu da hannu na ba shi a gaban yayana, ya ƙirga, ya rubuta mini takardar shaida, ya sa hannu. Ita kuwa 1,400,000 ta kamfanin aika kuɗi na tura, da wani suna dabam, wanda ya ce na mai kula da asusunsu ne.

Kuɗin nan ba ajiya ba ce da muke da ita. Yayana ya sa aka sayar da shanunsa biyu a Tahoua, matarsa ta sayar da abin wuyanta, ni kuma na karɓi bashi a wurin aiki wanda ake cira daga albashina duk wata. Da mutumin ya kira ya ce kaya sun iso filin jirgin Yamai amma duwan sun riƙe, sai an biya 450,000, ya turo hoton wani kwali da sunan yayana a rubuce a jiki, ƙanwarmu ce ta kawo jarinta na sana'a. Ko kafin ranar tiyatar, ya zo har masaukinmu da lemu da ayaba, ya zauna a tabarma kusa da mara lafiya, ya nuna mana bidiyon tiyatar a wayarsa, muka ga farin ɓangaren faifan da ya fito ana jawo shi daga gefen jijiya, yana cewa, "Yaya, in sha Allahu da ƙafarka za ka je sallar Juma'a." Sai 300,000 ta ƙarshe, wai cikon kuɗin tikitin likitan. Ku haɗa da kanku: 150,000 da 1,400,000 da 450,000 da 300,000. Miliyan biyu da jika ɗari uku.

Ranar da ya sa mana, muka ɗauki yayana da azumin da ya ce ya yi tun dare, muka je kilinik ɗin da ya ambata. Ma'aikatan suka duba rajistarsu ba su ga sunanmu ba, suka ce ba su san mutumin ba, ba su kuma jiran wani likita daga waje. Na kira lambarsa a kashe, na kira ta biyu a kashe, hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Yayana yana kwance a benci bai ci komai ba, yana tambayata ko likitan ya makara ne, ni kuwa na rasa bakin da zan ba shi amsa. Wannan abin ba zan yafe shi ba, domin ya san halin da mutumin nan yake ciki, ya ga yadda yake jan ƙafa, ya kira shi Yaya, sannan ya sa shi azumi ya turo shi wurin da ya san babu kowa.

Daga baya muka samu ganin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na gaske a asibitin gwamnati. Ya kwantar da yayana, ya ɗaga masa ƙafa a miƙe har ciwon ya harbo, ya buga masa ɗan guduma a agara, ya gwada ƙarfin kowane yatsa, abin da wancan bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Da na ba shi labari, ya ce maganar yatsa ba wani sirri ba ce, duk wanda ya karanta L5-S1 a takardar sakamako ya san jijiyar da ke wurin ita ce ke zuwa ƙaramin yatsa da gefen ƙafa, wadda ke samanta kuma ita ke zuwa babban yatsa. Ya ce bututun da kyamarar da hantsakan kayan asibiti ne, ana wanke su a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu a sake aiki da su, 'yan abubuwan da ake yarwa bayan aiki kuma asibiti ne ke sa su a lissafinsa. Ya ce aikin yana buƙatar na'urar hoto a cikin ɗakin tiyata don ganin inda bututun ya dosa, da likitan da ya koyi hanyar ya ƙware a kanta, kuma babu likitan kirki da zai sa ranar tiyata bai taɓa mara lafiya da hannunsa ba.

Ya ƙara da abin da ya fi ƙona mini rai, cewa yawancin masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu da magani da motsa jiki a hannun ƙwararru, ana zuwa ga tiyata ne idan ciwon ƙafa ya ƙi lafawa ko ƙafa ta fara rauni. Ko an yi aikin, ɓangaren da ya fito kawai ake cirewa, faifan yana nan, kuma yana iya sake fitowa. Wancan kuwa ya rantse mana cewa warkewa ce ɗari bisa ɗari, ciwon ba zai dawo ba har abada. Watannin da muka ɓata muna jiran kwalin da babu shi, ƙafar yayana tana ƙara rauni, wannan hasarar ba ta cikin 2,300,000, kuma babu mai biyan mu ita.

Wasu daga cikin dangi suna cewa mun yi gaggawa. Ba mu yi gaggawa ba. Na bincika tarihin tiyatar, na lissafa canjin kuɗi, na karɓi takarda mai sa hannu, na ga hatimi, na ga kwali da sunan mara lafiya. Wanda bai kwana yana jin nishin ɗan'uwansa ba, shi ne zai ce da shi ne da ya gane.

Kada ku ba kowa kuɗin kayan tiyata a waje da wurin biyan kuɗi na asibiti, kada ku tura kuɗi da sunan da ba na asibiti ba, kuma ku ga likitan ido da ido kafin komai. Idan mara lafiyarku ya kasa yin fitsari ko riƙe shi, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira kowa.

Na shigar da ƙara wurin 'yan sandan bincike a Yamai, na ba su lambobinsa biyu da sunan da aka karɓi kuɗin da shi, kuma ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Hotunan hirarmu ta WhatsApp, takardar yuro 2,135, shaidar aika kuɗi da hoton kwalin duk suna hannuna, zan sa su a nan da zarar masu bincike sun ba ni izini. Idan akwai wanda wani mai farar riga ya tare a ƙofar wurin hoto ya ɗaga masa fim ya yi masa maganar bututu daga Jamus, ya je ya shigar da tasa ƙarar, ko da jika hamsin aka karɓa a hannunsa, domin a haɗa ta da tamu.