Eko ɗin zuciyar da aka yi wa mai ɗakina a Garwa

Wata biyu da haihuwa mai ɗakina ta fara haki, ƙafafu suka kumbura, da dare a zaune take kwana don in ta miƙe numfashi sarƙewa yake. A garin Gidar, arewacin Kamaru, aka ce sanyi, aka ce asma. Da aka yi gwajin wayoyin nan da ake mannawa a ƙirji, sai aka ce mu tafi birnin Garwa a yi eko, wato hoton cikin jiki da na'ura. Ni a sanina masu ciki kaɗai ake yi wa eko.

Wani asibitin kuɗi muka je, har da Inna, mahaifiyarta. Likitar mace ce, hankalina ya kwanta. Ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji, ta ɗora na'urar. Ba allura, ba zafi, sauti ne kawai ake turawa ya bugi zuciya ya dawo ya zama hoto. Ko minti 30 ba a yi ba.

Abin da ya burge ni, ta juyo mana da allon. Ga zuciya da ɗakunanta huɗu, ƙofofi na buɗewa suna rufewa, jini na wucewa ja da shuɗi. Ta nuna ɗakin ƙasa na hagu, ya buɗe, yana matsawa da ƙyar. Ta ce lafiyayyar zuciya kan tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke ɗakin a kowane bugu, tata 30 take turawa, ciwon zuciyar jego ne. Sai ta dubi Inna:

"Mama, tana shan kunun kanwa?"

"Safe da yamma, 'yar nan. Da shi muka yi namu jegon."

"Kanwa gishiri ce, Mama, ruwa take tarawa a jiki. Dubi zuciyar nan, za ta iya da ƙarin kaya?"

Inna ta ƙura wa allon ido, can ta ce, "To, a bari." Sati nawa maganar nan na cina, kunyar suruka ta hana ni buɗe baki! Wannan kaɗai ya biya kuɗin.

Amma fa in na tuna zaman jiran sai raina ya ɓaci. Tun bakwai na safe muka biya, ba a kira mu ba sai bayan la'asar, cikin zafin Garwa na Afrilu, ga mai jego tana haki, ga jariri na tsala kuka, benci ɗaya tal. Masu takalma masu ƙyalli kuwa suna zuwa suna shigewa a gabanmu. Takardar sakamakon ma Faransanci ce zalla da gajerun haruffa, ba wanda ya karanta mana. Likitar dai Allah ya saka mata, ƙafafun sun saɓe da maganin fitsarin da ta rubuta. Wai mu koma bayan wata uku a sake eko, kuma da na tambayi mai karɓar kuɗi ko akwai ragi, ko ɗago kai bai yi ba.