Takardar asalin suna da na sayo a York

Sunan gidan mahaifin jikata Clarke ne. Da na je Ingila ganinta, 'yata ta kai ni York, a wani lungu muka ci karo da ɗan shagon da ke buga tarihin sunayen iyali. Ka faɗi suna, yaron shagon ya danna kwamfuta, kafin minti goma takarda mai kauri ta fito. Na biya fam 25 har da firem na katako, aikin kuma tsaf.

Bayanin ya shiga raina. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin clericus, wato malamin coci. A da kusan su kaɗai suka iya karatu da rubutu, sai kalmar ta koma kan duk mai riƙe alƙalami, magatakarda ko akawu. Kamar dai yadda muke cewa malam. Wajen shekarar 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun mayar da irin waɗannan laƙabai sunan gado.

Na tambayi yaron dalilin da na ga Clerk, Clerke, Clark da Clarke a jere. Bai ƙosa ba. Ya ce bakin mutane ne ya sauya, "er" ta koma "ar", shi ya sa har yau suke rubuta Derby su furta Dabi. Ga shi tun 1538 coci-coci ke rubuta masu baftisma, aure da jana'iza, kowane mai rubutu da yadda hannunsa ya saba, wani ya ƙara "e" a ƙarshe, wani ya bari. Mutum ɗaya ma sai a same shi da rubutu iri biyu.

Inda ban ji daɗi ba shi ne tambarin garkuwa da suka manna a sama, wai na gidan Clarke. Surukina cikin ladabi ya ce, "Mama, a nan tambari na mutum ɗaya ne da zuriyarsa, ba na duk mai sunan ba." Hukumar College of Arms da ke Landan tun 1484 ita ke bayarwa. Ya kamata shagon ya faɗa wa mai saye. Kuma kada ka sa ran ganin kakanninka a ciki, duk Clarke abu ɗaya ake buga masa.

In za ka saya, ka ce a cire tambarin. Tamu tana rataye a ɗakin yarinyar, ni kuwa tun ranar Malama nake kiranta.